Nawa, Na Nawa, Nawa-nawa: Jagoran Alamta Kalmomin Ƙidaya a Rumbun Matanin Hausa

"Ba ni na hamsin." Idan yaro ya faɗi haka a gaban mai ƙosai a bakin Kasuwar Monday, ƙosan naira hamsin yake so. Idan kuwa malami a Jami'ar Maiduguri ya faɗa wa ɗalibin da ke tsaye gaban tarin kundaye, kundin da ya zo a matsayi na hamsin yake nufi. Kalmomin iri ɗaya ne, rubutunsu ɗaya, kuma babu Bahaushen da zai ruɗe, domin yana ganin kasko ko yana ganin kanta. Kwamfuta ba ta ganin ko ɗaya. Daga nan aikin mai alamta matani yake farawa, wato mutumin da ke bin jimloli kalma bayan kalma yana rubuta ajin kowace da aikinta, don masu nazari da na'urorin fassara su amfana. Abin da wannan jagora ya tsaya a kai shi ne: a Hausa ba a gane nau'in ƙidaya daga siffar kalma, sai daga tambayar da kalmar take amsawa a cikin jimlarta. Saboda haka dole mai alamtawa ya raba abubuwa huɗu, kowanne da gurbinsa: tushen kalma, nau'in ƙidaya, yadda aka rubuta ta, da ainihin ƙimar da ake nufi.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a wannan aiki shi ne Universal Dependencies, wanda ya fitar da rumbunansa na farko a 2015, yanzu kuma ya haɗa harsuna fiye da 100. A cikinsa kowace kalma tana samun layi guda mai gurbi goma, daga ciki akwai siffar kalmar yadda ta zo, da tushenta na ƙamus, da ajinta, da siffofinta na nahawu, da kalmar da ta rataya a kai, da gurbin ƙarshe na ƙarin bayani. Ajin ƙidaya ana rubuta shi NUM. Nau'inta ana sa shi a ƙarƙashin NumType: Card ga adadi tsantsa, Ord ga matsayi a jeri, Dist ga rabo, Mult ga yawan aukuwa, Frac ga kaso, Range ga tazara. Yadda aka rubuta ta kuma yana ƙarƙashin NumForm, ko da kalma, ko da alƙaluma, ko da haruffan Romawa. Hausa ta riga ta shiga wannan fage. Masanin harshe Bernard Caron ya shirya rumbunan karin Zariya da na Adar, aikin Masakhane na 2023 kuma ya alamta ajin kalmomi a labaran harsunan Afirka 20 har da Hausa. Maganar Maiduguri, inda Hausa ke gogayya da Kanuri da Larabcin Shuwa da Turanci a kasuwa ɗaya, ita ce ta fi buƙatar ƙa'ida tsayayya, kuma Sashen Harsuna da Kimiyyar Harshe na jami'ar da aka kafa a 1975 yana da ɗaliban da za su iya aikin.

Waɗannan nau'o'i ba daga sama suka faɗo ba. Gado ne daga nahawun Latin, kuma ya kamata a san gidan da suka fito kafin a ɗora su a kan Hausa. Malaman Latin sun kasa ƙidaya gida huɗu, kowane gida da tambayarsa. Tambayar quot tana samun unus, duo, tres, wato ɗaya, biyu, uku. Tambayar quotus tana samun primus, secundus, tertius, na farko, na biyu, na uku. Quoteni tana samun singuli, bini, terni, ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku. Quotiens kuma tana samun semel, bis, ter, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Mai karatu ya riga ya ji cewa Hausa tana da tambayoyin nan huɗu cif: nawa, na nawa, nawa-nawa, sau nawa. Har ragi ma harsunan biyu sun yi tarayya a kai, domin undeviginti na Latin, goma sha tara, ma'anarsa ɗaya daga ashirin, daidai da ashirin ba ɗaya da tsofaffinmu ke faɗi. Bambancin yana wuri guda, amma wuri ne mai girma: Latin tana ƙera sabuwar kalma ga kowace amsa, Hausa kuwa tana riƙe da biyu ɗinta, ta sa na ko sau a gabanta, ko ta ninka ta.

Wani zai ɗauka ke nan a Latin aikin ya zama wasa, tunda kalma ta zo da alamarta a goshi. Tarihin rumbunan Latin ya nuna akasin haka. An fara sarrafa rubutun Latin da na'ura tun 1949, lokacin da Roberto Busa, limamin Kirista ɗan Italiya, ya shawo kan kamfanin IBM a kan ayyukan Toma Akwinas. Daga baya aka sami rumbuna daban-daban: na Perseus a Amurka, na PROIEL a Oslo, na Akwinas a Milan, na takardun shari'ar Toskana na ƙarni na 8 da na 9, da na rubuce-rubucen Dante. Kowace ƙungiya ta bi hanyarta, har sai da Federica Gamba da Daniel Zeman na Jami'ar Charles da ke Prag suka zauna a 2023 suna daidaita rumbunan biyar, domin na'urar da ta koyi ɗaya tana tuntuɓe a ɗaya. Kuma harshen kansa yana yaudara. Bini siffar rabo ce, amma a bina castra sansani biyu kawai ake nufi, babu wani rabo, saboda kalmar sansani a Latin ba ta da tilo da wannan ma'ana. Unus a Latin na baya-baya ya fara komawa ma'anar wani. Idan siffa ta kasa isa a harshen da ya ware wa kowane nau'i kalmarsa, ina ga Hausa?

Matakin farko shi ne gyaran matani, kuma a nan ake yawan yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. A ajiye kwafin asali yadda ya zo, ko labarin rediyon BRTV ne, ko hirar Dandal Kura, ko cinikin da aka naɗa a kasuwar kifi ta hanyar Baga, a rubuta inda aka samo shi da shekararsa. Aikin gyara a yi shi a kwafi na biyu. Yawancin rubutun intanet ba shi da ƙugiya, saboda haka daidai da ɗaiɗai sukan zo da fuska ɗaya, alhali na farko ba ruwansa da lissafi. Ko an mayar da ƙugiyoyi rikicin bai ƙare ba, tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Tara tana iya zama adadi, ko tara kaya, ko tarar da alƙali ya ci mutum. Ɗari yana iya zama adadi ko sanyin hunturu. Sha na goma sha ɗaya daban da shan ruwa, Rabi sunan mace daban da rabin buhu, kwata ta agogo daban da kwatar mahauta. Mafi kyawun misali shi ne ɗari-ɗari: a "an raba musu naira ɗari-ɗari" rabo ne, a "yana ɗari-ɗari da baƙon" kuwa rashin sakin jiki ne. Don haka a bar kwamfuta ta tsamo duk kalmar da ke kama da ƙidaya, amma hukunci a bar wa ɗan'adam.

Mataki na biyu tambaya ce da ake yawan tsallakewa: shin ana ƙirga wani abu ma a nan? Maiduguri ta fi kowane gari koyar da wannan darasi, saboda unguwanninta. Wanda ya ce yana zaune a 202 ko 303 ko 777 sunan rukunin gidaje ya faɗa, kuma sau da yawa da Turanci ake furta shi. Ajinsa sunan yanka ne, PROPN, ko da an rubuta shi da alƙaluma. Idan aka sa masa NUM, na'urar fassara za ta iya mayar da "na sauka a 303" wani lissafi marar kan gado. Haka Litinin da Talata da Laraba da Alhamis: asalinsu ƙidayar Larabci ce, amma a Hausa sunayen ranaku ne, babu mai jin biyu a cikin Litinin. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in suna tsaka-tsaki, domin kwanakin ana ƙirga su da gaske, saboda haka a bar su a ajin ƙidaya, sai dai idan an ce "an yi bakwai jiya", kalmar ta tsaya a gurbin suna, a rataya ta a aikatau kamar kowane karɓau. Sai maganganun da suka daskare: "na shiga uku", "kwana biyu" na gaisuwa, "sha tara ta arziki", "duk ɗaya ne". A nan shawarar ita ce a bar ajin kalmar yadda yake, a rubuta a gurbin ƙarshe cewa salon magana ne, kuma kada a ba ta ƙima. Wanda ya shiga uku bai ƙirga masifunsa ba. Ɗaya ta fi kowace wahala, tunda a "ɗayan ya tafi" aikin wakilin suna take yi, a "ra'ayinmu ɗaya" kuma daidaito take nufi.

Idan an tabbatar ƙidaya ce, sai a yi mata tambaya. Wadda ta amsa nawa adadi ce tsantsa: Jihar Borno tana da ƙananan hukumomi 27. Tushenta a rubuta shi da siffa guda da aka zaɓa tun farko, ta yadda shida da shidda, casa'in da tis'in, biyar da biyat na yamma za su haɗu a inda ya dace, ko dai a tushe ɗaya ko a ƙima ɗaya. Kada a taɓa sunan da ake ƙirgawa. Bahaushe yana cewa mutum uku da mutane uku, shekara goma da shekaru goma, kuma tilo tilo ne ko da dubu ta biyo shi. Mai alamtawa da ya sa wa mutum alamar jam'i don ya ga uku ya shafe wata gaskiya ta harshen da mai nazari zai zo nema. Guda tana da fuska biyu: a "buhu guda" ita ce ɗaya, a "buhu guda uku" kuwa 'yar rakiya ce, a rataya ta a jikin uku ba tare da ƙima ba. Dubbai da ɗaruruwa da miliyoyi sunaye ne, shaida kuwa ita ce suna zuwa kafin abin ƙirgawa da mahaɗi a jikinsu, dubban mutane, ba kamar mutum dubu ba. Latin ma haka take yi da milia, jam'in mille, wanda ke jan sunan da ke biye da shi zuwa siffar mallaka.

Matsayi shi ne inda gardama ta fi zafi, kuma tambayar na nawa ita kaɗai ba ta raba ta, domin mai ƙosai ma tana tambaya "na nawa za a ba ka?" Akwai gwaji na biyu mai sauƙi: a cire ƙidayar a sa farko ko ƙarshe. Kundi na ƙarshe magana ce, ƙosai na ƙarshe kuwa ya canza zancen gaba ɗaya. Inda musanyar ta zauna, Ord ne. Inda ta ƙi, adadi ne da aka share sunansa, wato naira. Runduna ta 7 da ke da hedikwata a Maiduguri ta wuce gwajin, haka Sanusi II, wanda ake karantawa na biyu ko da ba a rubuta na ba, sai a sa masa Ord tare da alamar haruffan Romawa. Babban tsarin yana kai ƙidayar matsayi ajin sifa, kuma ga Latin daidai ne, tunda secundus da secunda suna bin jinsin suna kamar kowace sifa. A Hausa jinsi yana kan na da ta, biyu ba ta motsa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar biyu a ajin NUM, a sa mata Ord, a ɗora jinsi a kan na ko ta, sannan a rubuta wannan saɓani a fili a littafin ƙa'ida don wanda zai kwatanta harsuna ya sani. Farko kuwa suna ne, a bar shi a ajinsa da alamar Ord. Kwanan wata da agogo su ne tarkon wanda ya yi karatun Turanci ko Latin, inda ake cewa rana ta goma da sa'a ta uku. Bahaushe yana tambaya nawa ga wata, ƙarfe nawa, ya amsa da ɗaya ga wata, bai taɓa cewa na farko ga wata ba. Don haka 27 ga Agusta 1991, ranar da aka cire Yobe daga Borno, adadi ne tsantsa daga farkonta har ƙarshe.

Rabo ya fi sauƙi, domin a nan ne kawai Hausa ta sa alama a jikin kalma. Bibbiyu da hurhuɗu da ɗaiɗai kalma guda-guda ne, tushensu biyu da huɗu da ɗaya, nau'insu Dist. Masu karan ɗori irin su uku-uku da goma-goma a ɗauke su kalma ɗaya, kada a bar na'urar yanka kalmomi ta raba su, in ba haka ba za a sami goma biyu a jere, a rasa rabon. Inda marubuci ya rubuta su a ware ba ɗori, a rataya ta biyu a jikin ta farko. A adadi mai gaɓoɓi, ƙarshen kawai ake ninkawa, naira ɗari biyar-biyar, goma sha biyu-biyu, amma rabon na adadin duka ne, kowa ɗari biyar ya samu. Alamar Dist a sa ta a kan kalmar da aka ninka, ƙimar dukan adadin kuma a rubuta ta a kan shugabar tawagar. A kula da ɗori, ba kowanne ne rabo ba. Kwana biyu-uku kintace ne, 2-3 a rubutun asibiti tazara ce, 2-1 a labarin El-Kanemi Warriors kuwa adadi biyu ne masu zaman kansu. "An tashi biyu-biyu" rabo ne na gaske, kowane ɓangare da biyunsa. A "biyu da nema", nema ba ƙidaya ba ce ko da tana tsaye a gurbin sifili. A ba ta ƙimar 0 a gurbin ƙarshe a wuce.

Sau biyu ba ya buƙatar alamar Mult. Sau suna ne da ake ƙirgawa kamar karo da ninki, kuma tambayar sau nawa ba ta bambanta da buhu nawa ba a gini. Biyu a nan adadi ce, alamar Mult kuwa a bar wa harsuna masu kalma irin bis. Rabi da kwata da kalmomin rabon gado da muka aro daga Larabci, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni, su ne masu Frac. A "kashi ɗaya cikin uku" da "kashi 40 cikin 100" kowace ƙidaya adadi ce, kason yana cikin ginin.

Adadi mai gaɓoɓi da yawa shi ne inda rataya kalma a kan kalma ke nuna amfaninta. Wasu rumbuna suna jera dukan gaɓoɓin a layi ɗaya a ƙarƙashin ta farko, kamar sunan mutum da na mahaifinsa. Ga Hausa wannan asara ce, domin ginin adadinmu lissafi ne a bayyane: jerawa ninki ce, da da sha tarawa ne, ba da babu da gaira ragi ne. A dubu uku da ɗari biyu da hamsin da biyar, uku tana rataye a dubu, biyu a ɗari, sannan ɗari da hamsin da biyar suna haɗe da dubu ta hanyar da. Amfanin wannan yana fitowa a dubu ɗari da hamsin. Idan hamsin ta rataya a ɗari, 150,000 ne, kuma shi aka fi nufi a Kasuwar Shanu. Idan ta rataya a dubu, 100,050 ne. Jeri a layi ɗaya ba ya iya bambanta su. Alif ta shekaru tana da nata hali: asalinta dubu ce, kamar a alif ɗari tara da sittin, amma masu karanta labarai da yawa suna cewa alif dubu ɗaya da ɗari tara da sittin, inda ta zama alamar shekara kawai. A jimlar farko a ba ta ƙima, a ta biyu kada a ba ta, in ba haka ba shekarar samun 'yancin kai za ta tashi 2960.

Gurbin ƙima shi ne wanda babban tsarin bai tilasta ba, amma a Borno ba a iya yin aiki ba tare da shi ba. Ɗan kasuwa yana cewa buhu ya kai saba'in, dubu saba'in yake nufi, ya haɗiye dubun. Abokin cinikinsa da ya zo daga Diffa yana cewa dala ashirin, sefa 100 yake nufi, tunda a Nijar dala sefa biyar ce, alhali a jaridar Kano dala kuɗin Amurka ce. Jaka a bakin tsofaffin Najeriya naira 200 ce, gadon fam ɗari, a Nijar kuwa sefa 1,000. A duk waɗannan, nau'in ƙidayar bai canza ba, ashirin adadi ce, kuma ashirin za a rubuta a tushenta. Abin da mai magana yake nufi a kai shi gurbin ƙarshe, kuma sai inda jimlar ko bayanin asalinta ya tabbatar. Inda babu tabbas a bar gurbin fanko. Wanda zai alamta rubutun ajami zai gamu da ramzi, kalmar da mawallafi ke rufe waƙa da ita don ta ba da shekarar Hijira ta hanyar ƙimar haruffa. A nan ma dole a faɗi lissafin da aka bi, domin a tsarin Magrib da malaman ƙasar nan suka gada shin ita ce 1000, a tsarin Gabas kuwa 300 ce, gain ke riƙe da dubu.

Jimlar da ta gauraya harsuna a sa wa kowace kalma alamar harshenta. Ashirin da talatin da hamsin Hausa ne, duk da asalinsu na Larabci, domin sun kori gomiya biyu da gomiya uku tun tuni. Amma a bakin Bashuwa da ke magana da harshensa Larabci ne. Kanuri ta riƙe nata gomomin, findi daga indi, biyu, fiyakkə daga yakkə, uku, kuma tana ƙera matsayi a kalma ɗaya, kənindimi, na biyu, kamar dai Latin. Wannan shi ne dalilin da ya sa a tsaya a kan tambaya maimakon siffa: kənindimi da na biyu gininsu ya bambanta, amma duka za su fito idan mai bincike ya nemi Ord. Don daidaita tushen kalmomin Kanuri, ƙamusun Norbert Cyffer da John Hutchison na 1990 madogara ne. Lambobin waya da na asusun banki kuwa a shafe su tun kafin a fara.

Masu na'ura suna da ƙorafi mai ƙarfi a kan duk wannan. Suna cewa alamar da ta dogara da mahallin jimla tana rage daidaito: masu alamtawa biyu za su saɓa, na'ura kuma za ta fi yin kuskure fiye da idan an ce duk inda aka ga hamsin a sa Card a huta. Gaskiya ne makin zai fi kyau a takarda. Sai dai makin da aka samu ta hanyar goge tambaya mai wuya ba ya nuna na'ura ta iya Hausa. Abin da kwamfuta za ta gane daga haruffa kaɗai ba ya buƙatar a biya ɗalibi ya zauna a kansa. Amfanin hannun mutum shi ne daidai wuraren da haruffa suka yi shiru. Kuma kuskuren ba a kan allo yake tsayawa ba. "A sha ƙwaya bibbiyu sau uku a rana" ƙwaya shida ce, "a ba iyali goma buhu biyu" da "buhu bibbiyu" tsakaninsu buhu goma sha takwas ne. A garin da sanarwar magani da ta rabon agaji ke ratsa harsuna uku kafin ta kai ga mai ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saɓanin masu alamtawa kuma yana raguwa sosai idan an ba su gwaji da za su yi da baki, irin musanya da farko, maimakon a bar su da jin jiki.

Ƙorafi na biyu daga gida yake: me ya kai mu nahawun Romawa, alhali a zaurukan Borno an daɗe ana karanta babin adadi da abin ƙirgawa a nahawun Larabci, kuma M. K. M. Galadanci ya fasalta nahawun Hausa daga cikinta tun 1976? Mai wannan magana yana da rabin gaskiya, kuma rabin nan shi ya sa aka ƙi kai na biyu ajin sifa, aka ƙi ƙirƙiro wa sau biyu nau'in da ba shi da shi. Amma babin Larabci an gina shi ne a kan saɓanin jinsi tsakanin adadi da abin ƙirgawa daga uku zuwa goma, da sauyin wasalin ƙarshe, abubuwan da Hausa ba ta san su ba. Shi ma aro ne, kuma bai fi na Latin zama a jikinmu ba. Alamomin tsarin duniya sunayen akwatuna ne kawai. Amfaninsu shi ne mai bincike ya yi tambaya ɗaya ya sami amsa daga Hausa da Larabci da Latin a lokaci guda. Abin da za a zuba a kowane akwati kuwa, tambayoyin Bahaushe ne suke yanke shi.

A aikace, a fara da jimla ɗari biyu ko uku daga tushe daban-daban, mutum biyu su alamta su kowa shi kaɗai ba tare da leƙen na ɗan'uwansa ba, ko a manhaja irin Arborator ko a jadawali na kwamfuta. Sannan a jera aikin biyu a fitar da duk inda suka saɓa, a zauna da na uku a yanke hukunci. Kowane hukunci a shigar da shi littafin ƙa'ida tare da jimlar da ta jawo shi da ranar da aka yanke, kuma idan aka canza ƙa'ida a koma baya a gyara abin da aka riga aka yi, kada rabin rumbu ya bi tsohuwa rabi ya bi sabuwa. Littafin a rubuta shi da Hausa, a sake shi tare da rumbun. Ɗalibin da zai ɗauki wannan aiki a matsayin kundin digirinsa, ya rubuta shafukan ƙa'idar ƙidaya ya kai wa malaminsa ya duba tun kafin ya taɓa jimla ta farko.